BIG BOSS: FIM ƊIN ƳAN BIƊA DA GARDAMAR DA YA TAYAR GARINMU

Zuwa ga iyayenmu da dattawanmu na gida, da ƴan'uwanmu da ke biɗa Abijan, Kumasi, Legas, Kano, Yamai da Arlit, da waɗanda ke can Libiya da Aljeriya. 

Mun san wasu za su yi mamaki in sunka ga mun cika takardar ƙungiya da zancen fim, alhali ga maganar rijiya ba a ƙare ba, ga ta gyaran aji na uku. Ku yi muna haƙuri ku karanta har ƙarshe. Ga dalili. Daren wanshekaren Sallar layya, samarinmu sunka ɗauko babbar tele da batiri sunka kahwa ta hilin lakwal, sunka sa wani tsohon fim na Shinuwa mai suna Big Boss. Mu malamai mun zaci yara kaɗai za su zo. Sai ga dattawa suna isowa ɗaya ɗaya da buzayensu, har da wani da ba mu taɓa ganin ya hita bayan lisha ba. Ashe da yawansu sun san fim ɗin tun ba a haihe mu ba. Da anka ƙare, ba wanda ya tashi. Gardama ta kaure, ba ta mutu ba sai da sanyin asuba ya hwara sauka. Mun rubuta abin da munka ji, mun ƙara da abin da munka bincika, don waɗanda ba su nan su samu rabonsu.

Kowa ya san Adar ƙasar duwatsu ce, noma wata huɗu, saura takwas sai biɗa. Kakanninmu sun bi hanyar Kumasi da Ankara da ƙahwa, har 1969 lokacin da gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana, yawancin mutanenmu sunka karkata Abijan da Nijeriya. Can ne ɗan Adar ya hwara sanin silima. Da rana shina dako ko tallan kaya ko gadi, da dare in akwai ƴan canji sai a tahi kallo, a zauna kujerun gaba masu arha inda ake ɗaga kai har wuya ya ƙage. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da gidajen silima da yawa, su kuma ke zaɓen abin da za a gani. Abin da sunka kawo shi ne na kaboyi, da na Indiya, da na Misira. Kuma fim ba ya isowa garemu sai ya gama yawon duniya, ya tsuhwa, ya kakkarce, wani lokaci an yanke wani wuri an liƙa.

Kada a ce silima ba ta taɓa mutanenmu tun wancan zamani ba. A 1958 Bature Jean Rouch ya hito da wani fim da ya ɗauka unguwar Tireshibil ta Abijan, a kan samarin Nijar masu dako bakin jirgin ruwa, kuma wasunsu sunka ɗauki sunayen aktocin finafinan Turawa sunka liƙa ma kansu. Babban cikinsu shi ne Umaru Ganda, wanda daga baya ya zama mai yin fim da kanshi, har ya ci babbar kyautar Wagadugu a 1972. A 1966 kuma Mustafa Alasan, Allah ya jiƙanshi, wanda ya zauna nan Tawa shekaru masu yawa har rasuwarshi a 2015, ya yi fim a kan wani saurayi da ya komo daga tahiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba ma abokanshi, sunka hau dawaki sunka hana gari sakat. Watau tun kahin a san Shinuwa, masu hankali sun riga sun ga abin da ɗan biɗa ke kawowa gida cikin kanshi, ban da abin da ke cikin jikkarshi.

Finafinan karate, kamar yadda muke ce musu ko da yake sunan abin kungfu, sun cika silimomin ƙasashenmu ne daga wajen 1973. Ku tuna wace shekara ce. Ita ce ta babban hwari, bisashe sun ƙare, rumbuna wayam, garuruwan arewacin Adar sun zube sai tsohi da mata da yara. A watan Afrilu na 1974 soja sunka kau da Diori Hamani, Seyni Kunce ya hau. To cikin wanga hali ne samarinmu na lokacin, da yunwa a baya da wulaƙanci a gaba, sunka shiga silima sunka ga wani siririn yaro mai suna Burus Li.

An yi Big Boss a 1971. Kamfanin Golden Harvest na Hon Kon ne ya yi shi, Lo Wei ya shirya, amma ba a Hon Kon anka ɗauke shi ba, a wani ƙaramin gari ne na ƙasar Tailan mai suna Pak Chong. Da ya hito ƙarshen shekarar, ya tara kuɗin da wani fim bai taɓa tarawa ba a Hon Kon, hiye da dala miliyan 3 na kuɗinsu. Shi Burus Li an yi jinga da shi dala 15,000 ta Amurka a kan fim biyu (ba dalarmu ta tamma biyar ba, kada wani ya yi lissahi ya ce ya hi shi albashi).

Ga labarin, saboda waɗanda ba su gani ba. Wani saurayi, Ceng, ya baro ƙasarsu ya ƙetare ruwa ya tahi Tailan biɗar aiki. Wani kawunshi ya rako shi ya damƙa shi hannun ƴan'uwa da sunka riga shi zuwa, suna zaune gida guda, suna ci ƙwarya guda, ƙanwarsu na yi musu tuwo da wanki. Kahin ya taso ya yi ma uwarshi alkawari ba shi ƙara hwaɗa da kowa, kuma shina rataye da wani koren dutse a wuya kamar laya, don ya riƙa tuna alkawarin. Anka sama mishi aiki inda sauran ke yi, izin ɗin ƙanƙara. Ashe mai izin ɗin, watau Big Boss, ƙanƙara lulluɓi ce, cikinta yake ɓoye hwarin garin nan mai sa maye shina saidawa. Ran nan wani dunƙule ya hwashe, biyu daga cikin ƴan'uwan sunka ga ƙunshin. Anka kira su ofis anka miƙa musu kuɗi su yi shiru, sunka ƙi, anka kashe su anka daskarar da su cikin ƙanƙara. Babban yayan gidan da wani sunka tahi gidan mai izin su tambayi labarinsu, su ma ba su komo ba. Lebura sunka ƙi aiki. Anka kawo ƴan iska cikin mota su duke su. Duk wanga abu Ceng na tsaye, hannu na ƙaiƙayi, in ya yunƙura sai ya dubi layar ya koma. Sai da wani ya hizge ta ta karye, kusan rabin fim, kana ya ɗaga ƙahwa.

A nan ne hilin lakwal ya ɗauki kuwwa, kamar yadda dattawa sunka ce silima ke ɗauka can da. Amma ba nan labarin ya tsaya ba, kuma abin da ya biyo shi ne ya kawo gardama. Da manajan izin ya ga ƙarhin yaron, bai sake aiko ƴan iska ba. Sai ya naɗa shi shugaban lebura, abin da ƴan Nijeriya ke ce ma heluma, ƴan Abijan su ce kwantirmetir. Lebura sunka yi murna sunka ɗauka kukansu ya ƙare. Anka gayyace shi cin abinci, anka ɗura mishi giya har ya manta abin da ya kai shi, ya kwana inda bai kamata ba (wanga wuri mun sa samari sun tsallake shi saboda yara da iyayenmu mata). Da sahe ya koma gida ba labarin ɓatattu, ƴan'uwa sunka juya mishi baya. Daga baya ya gano gaskiya, ya shiga izin da dare ya ga gawarwakin cikin ƙanƙara, ya kashe ɗan mai izin da mutanenshi. Kahin ya iso gida an yanka duk sauran ƴan'uwan, an sace yarinyar. Ya zamna bakin kogi ya yi tunani, ya jehwa ƙunshin kayanshi ruwa, ya tahi gidan Big Boss ya kashe shi. Ƴan sanda sunka zo, ya miƙa hannu anka sa mishi ankwa.

Wanda ya hwara magana wani dattijo ne da ya yi shekara 19 shina gadi da dako Abijan. Ya ce shi bai taɓa ɗaukar wanga fim na Shinuwa ba, na ƴan Adar ne. Ya ce ku dubi gidan: ɗaki guda, tabarmi jere, wanda ya riga zuwa shi ke sama ma baƙo aiki, shi ke tsaya mishi, haka sunka zamna Tireshibil da Ajame ba bambanci. Ya ce ran da ya hwara ganin shi, da yaron ya sauka daga jirgi riƙe da ƴar jikkarshi shina waige-waige, sai da ya ji kamar shi anka ɗauka hoto ran da ya sauka tashar jirgin ƙasa. Ba su jin Faransancin da anka ɗora ma fim ɗin sosai, sai wani ɗan lakwal cikinsu ke juya musu, shi ma rabi ƙarya, amma ba wanda ya ɓace ma labarin, don duk sun san mai gida mai murmushi wanda in ka tambayi haƙƙinka sai ya ce ka komo gobe.

Da yawa sun goyi bayanshi. Amma da anka zo kan haƙurin yaron sai kai ya rabu. Samari sunka ce haƙurin ya yi yawa, har ya zama laihi: da ya tashi tun ran da biyun hwarko sunka ɓace, da yayan gidan bai mutu ba. Me amhwanin ƙarhin da ke kallon ana dukan ɗan'uwanka? Wani malami cikin dattawa ya ce a'a, alkawarin uwa ba abin wasa ba ne, kuma ku duba da kyau, tun da layar ta karye ba abin da ya gyaru, gawa ce ke bin gawa har gida ya ƙare. Wani saurayi da ya komo daga Libiya bara ya ce, Baba, ai tun layar na wuyanshi an riga an kashe huɗu. Malamin ya yi shiru kaɗan, kana ya ce gaskiya ne, amma huɗu ba su kai duka ba.

Mu nan za mu sa baki da abin da munka karanta, ko da zai rage ma gardamar daɗi. Lokacin da anka hwara ɗaukar fim ɗin, ba Burus Li ne anka nuhwa da zama babban aktar ba. James Tien ne, wanda ya hito a yayan gidan, don shi anka sani lokacin, shi ya sa duk hwaɗan rabin hwarko nashi ne. An canza mai shiryawa ana cikin aiki, Lo Wei ya karɓa, anka ga abin da sabon yaron ke iyawa, sai anka kashe yayan cikin labari anka bar ma ƙanen hili. Watau wani ɓangare na haƙurin da muke yabo ko zargi, lissahin ƴan kasuwa ne. Mun hwaɗi haka wurin, dattijon Abijan ya ce, Mushe, wanga bai dame ni ba, ko bisa kuskure anka gina rijiya in da ruwa sha za mu yi. Mun yarda ya kada mu.

Inda magana ta yi zahi ƙwarai shi ne naɗin heluma. Nan murya ta sauka, don kowa ya san wani, kuma wasu da ake nuhi suna zamne wurin. Wani ya ce tun daga gonakin koko da gahawa na Kwaddibuwa har ramukan zinariya na Jado da anka buɗe 2014, dabarar mai gida guda ce: in lebura sunka haɗa kai, sai ya zaɓi mai bakin cikinsu ya ba shi ƴar kujera da ƙarin jikka biyu, shi ke nan ya raba su. Daga ran nan ɗan garinku shi ke ƙidaya muku buhu, shi ke yanke muku kuɗin rana in kun makara, in kun yi magana ya ce ku ruhwa mishi asiri kada a kore shi. Wani dattijo da shi kanshi ya taɓa riƙe irin wagga kujera ya ce a yi adalci. Ya ce heluma tsakanin wuta biyu yake, kuma da yawa cikin masu zaginshi ta hannunshi sunka samu aikin, ta hannunshi kuɗinsu ke isowa gida, in wani ya mutu shi ke bin takardu. Ya ce yaron fim ɗin ma ba mugunta ta sa shi ba, ƙauyanci ne, bai taɓa zama teburin manya ba sai ran nan. Anka ce mishi to ai nan ne haɗarin yake.

A ganinmu wanga wuri shi ne zuciyar fim ɗin, ya hi duk shure-shuren. Duka bai karya lebura ba, ƴan iska sun zo sun sha kashi sun gudu. Abin da ya karya su tuwon dare guda ne da kiran mutum da sabon suna. Kuma mun lura yara ba su ga haka ba ko kaɗan, su suna jiran a kai wurin da anka naushi mutum ya hwasa bangon katako ya bar siffarshi jiki. Sai wanda ya ci baƙin ciki a ƙasar wani ke ganin wancan.

Iyayenmu mata suna baya, ba su sa baki cikin taron ba, amma wanshekare wurin rijiya sun yi tasu, an kuma kawo muna. Su ba Ceng sunka kalla ba, uwarshi sunka tuna, tana can gida tana ƙidayar watanni, ba ta san ɗanta na hannun hukuma ba, ba ta san ɗiyan dangi duk sun ƙare ba. Wata ta ce wa zai kai mata labari, tun da ba wanda ya saura? Wata kuma ta ce ita abin da ya ba ta haushi, duk mazan gidan ba wanda ya yi tunanin maida yarinyar gida tun da mutane sunka hwara ɓacewa.

Sai ƙarshen fim. Mun saba cewa aktar ba ya mutuwa, kuma in ya kashe shef bandi sai ya ɗauki yarinya su tahi. Nan kuwa ankwa anka sa mishi. Dattawa sun ce can da, in an kai wanga wuri, silima ta kan ɓaci da zagi, wasu har jihwa suke, suna cewa ina ƴan sandan suke lokacin da ake daskarar da talakawa? Har yanzu samari haka sunka ce. Amma waɗanda sunka ga korar Nijeriya ta 1983, lokacin Shagari, da waɗanda rikicin Kwaddibuwa na 2002 ya rutsa da su, da na Libiya na 2011, sun ce ƙarshen nan shi ne gaskiyar da ta hi kowace cikin fim ɗin. Baƙo ko shi ke da gaskiya, ran da ya ɗaga hannu a ƙasar mutane, hukumar ƙasar ba ta tambayar wa ya hwara.

Ba za a yi zancen ƙarhi a Adar ba a sako kokowa ba. Shekara ta 1975, nan Tawa anka yi gasar kokowa ta ƙasa ta hwarko, Yakuba Ango da ake ce ma Kantu, na Maraɗi, ya ɗauki takobi. Watau kokowar takobi da finafinan karate kusan tare sunka tashi, kuma tun lokacin ake tambayar da anka sake yi daren nan: in an haɗa Burus Li da Kantu wa zai kada wani? Tsohin ƴan kokowa sunka ce wanga ɗan siririn, in hannu ya kai ƙugunshi an gama. Samari sunka ce sai in ya tsaya a kama shi. Wagga gardama ba ta da ranar ƙarewa, mun bar ta. Amma wani tsohon ɗan kokowa ya hwaɗi abin da munka riƙe. Ya ce a kokowa in gwiwa da hannu sunka taɓa ƙasa an gama, wanda ya kada shi ke tada wanda ya hwaɗi, ga makaɗa, ga alƙali, ga sarki na kallo, gobe a haɗu kasuwa a gaisa. Wancan kuwa ba a tashi sai an ga jini. Ya ce shi bai ƙi a kalla ba, amma kada a kira su da suna guda.

Mu da ke riƙe da alli mun san inda abin ke sauka. Waɗanda sunka karantar da mu sun ba mu labarin shekarun da kowane yaro ke tahe shina kuwwa irin ta kyanwa shina shurin iska, ana ɗaure guntayen sanduna biyu da igiya ana juyawa har a hwasa ma kai goshi. (A nan mu gyara ma wasu dattawa: sandunan nan masu sarƙa babu su cikin Big Boss, sai fim na biyu, na 1972, wanda ya yi hwaɗa da Japanawa. Sun rantse sun gan su, amma mun sake dubawa.) Mu kanmu mun yi namu a zamanin bidiyo. Bayan karyewar sefa a watan Janairu na 1994 gidajen silima sunka yi ta mutuwa ko'ina, sai rumhunan bidiyo sunka maye, zana kewaye, inji na ruri, a biya dala biyar a zamna ƙasa. Can munka ga Big Boss, kaset ya gaji har huskoki sun koma kore. Yau kuma yana cikin salula, yaro na kallon shi shi kaɗai ƙarƙashin bargo, ba mai juya mishi, ba mai ce mishi kai wanga wuri ƙarya ne. Mu dai mun hi son yadda anka yi daren Sallah, a kalla tare a yi musu.

Kuma kada a ce shurin nan bai haihi komi ba. Kulob-kulob na karate da taikondo da sunka buɗe a biranenmu, da yawan waɗanda sunka hwara shiga silima ce ta tura su. A 2016, wurin wasannin Olimpik na Riyo, Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo ma Nijar lambar azurhwa a taikondo, a 2017 kuma ya zama zakaran duniya. Kahin shi lamba guda ƙasar ke da ita, ta tagulla, wadda Isaka Dabore ya samo a damben Turawa a Munik, 1972. Taikondo na Koriya ne, ba na Sin ba, amma ga yaran lakwal duk Burus Li ne.

An kuma tambaye mu yadda ya mutu, don har gobe akwai masu cewa guba anka ba shi, wasu su ce manyan malaman kungfu ne sunka yi mishi asiri don ya tona sirrinsu ga Turawa. Abin da likitoci da kotu sunka tabbatar shi ne, ran 20 ga watan Yuli 1973, a Hon Kon, ya sha wani maganin ciwon kai ya kwanta, ƙwaƙwalwarshi ta kumbura, bai tashi ba. Shekarunshi 32. Ku lura, lokacin da yawancin iyayenmu sunka hwara ganin shi, ya riga ya mutu ko shina gab da mutuwa. Manyan finafinan da ya kammala huɗu ne kacal, na biyar anka ƙarasa shi da wasu mutane a 1978. Sauran ɗimbin da ake cewa nashi, na masu kwaikwayo ne da sunka ɗauki sunaye masu kama da nashi don a ruɗi mai sayen tikiti, shi ya sa in dattawa biyu na ba da labarin fim ɗin Burus Li sai ka ji kamar ba mutum guda suke nuhi ba. Shi kanshi ɗan biɗa ne. An haihe shi San Faransisko a 1940, ya girma Hon Kon, ya cika hwaɗan titi har iyayenshi sunka tura shi Amurka a 1959 shina ɗan shekara 18. Ya yi aikin kai abinci teburi a wani gidan abinci a Siyatil, shina kwana saman gidan. Ya samu ƴan wasanni a telen Amurka amma ba a ba shi babban wuri ba, sai da ya komo gida kana duniya ta san shi. Da munka hwaɗi haka, dattijon Abijan ya ce shi ya sa ya iya waigen nan na saukowa daga jirgi.

Gab da a watse, wani dattijo da bai ce uffan ba tun hwarko ya yi gyaran murya. Kun san shi, kun kuma san ɗanshi ya tahi wajen zinariya can arewa shekara uku ke nan, kiran ƙarshe da ya yi ya ce sun canza rami, daga nan shiru. Ya ce shi bai damu da wa ya hi wani ƙarhi ba. Ya ce cikin fim ɗin, da mutum biyu ba su kwana gida ba, kahin rana ta hwaɗi sau biyu an san sun ɓace, an san wurin wa sunka shiga, har an samu masu zuwa tambaya. Nashi ɗan, wata huɗu sunka wuce kahin wani ya lura, kuma da anka tashi bincike ba wanda ya san sunan mai ramin, ba wanda ya san da wa ya tahi. Ya ce Shinuwa sun hi mu nan.

Saboda wagga magana ne kwamitin ƙungiya ya zamna kwana biyu bayan haka, ya yanke abin da muke sanar da ku yanzu. Kowane gari da ƴan garinmu sunka kai biyar, su zaɓi mutum guda ya riƙe kaye, ya rubuta sunan kowa, da sunan uwarshi ko ubanshi, da inda yake aiki, da sunan mai gidan aikin, da lambar salula. Wanda zai canza wuri ya hwaɗa kahin ya tashi. In an kwana bakwai ba a ji mutum ba, mai kaye ya kira sakataren ƙungiya nan gida. An kuma ce mai riƙe kayen kada ya zama heluman wurin aikin, ko da shi ne babba, a zaɓi wani. A kan wanga sharaɗi na ƙarshe an yi musu sosai, bai wuce ba sai da ƙuri'a, kuma an yarda za a sake duba shi taron bayan girbi, in ƴan Abijan da ƴan Legas sun aiko da nasu ra'ayi. Kayen Yamai da na Arlit sun riga sun iso. Muna jiran saura kahin watan azumi.